Makullin Dandali a Hannun Baba Injiniya

Kafin ya share shago, kafin ma ya ɗora ruwan shayi, Baba Injiniya sai ya durƙusa ƙarƙashin teburin gyaran wayoyi ya kasa kunne. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a wurin, fankarta na gurnani. In ya ji gurnanin daidai, sai ya miƙe yana dafa gwiwa, ya maƙala tabarau, ya shiga korar 'yan talla da 'yan damfara da suka kutso. Shekara takwas ke nan yana wannan, ba wanda ya ɗauke shi aiki.

Kwamfutar nan ita ke riƙe da ɗan dandalin sada zumunta na ma'aikatan asibitocin unguwa. Ba na wani babban kamfani ba ne. Manhajar da ke tafiyar da shi a buɗe take, kowa na iya ɗauka ya kafa nasa, kowane dandali kuma yana gaisawa da ɗan'uwansa kamar maƙwabta ta kan katanga. Da aka ce kyauta ne, babu talla, sai jama'a suka fara kallon juna. Kyauta? A wannan zamanin? Wasu suka ce sayar da bayanan mutane yake yi, wasu suka ce saƙonninsu yake karantawa yana shan dariya. Shi ma bai taimaki kansa ba, don duk sabon shiga sai ya aika masa cewa, "Makulli na hannuna. In na ga dama zan iya ganin komai, ka sani tun yanzu."

A cikin masu zarginsa babu kamar wata ma'aikaciyar jinya da za mu kira Sista. Asibitin da take aiki yana da sistoci goma sha biyu, saboda haka kada kowa ya wahalar da kansa da lissafin ko wace ce. Wata rana ta tarar ana liƙa sabon kwanan wata a kan magungunan da suka lalace. Abin ya hana ta sukuni. Ta ɗauki hoto, ta saka a dandali da sunan ɓoye, Mai Farin Takalmi. Kafin kwana biyu magana ta tsallaka har dandalin wasu garuruwa.

Tana cikin wanke hannu abokiyar aikinta ta raɗa mata, "Ke, ko kin san Baba Injiniya ƙanen Likita ne? Ciki ɗaya fa!"

Likita shi ne mai asibitin. A take Sista ta tuna cewa ranar da ta yi rajista, adireshin imel mai ɗauke da cikakken sunanta ta bayar. Danna maɓalli ɗaya ya isa Baba ya gano ta. Da aikin nan take ciyar da 'ya'ya uku da mahaifiyarta.

Telan da ke maƙwabtaka da shagon ya ga zuwan Likita da tsakar rana, ya kuma ji komai, ya baza labari a unguwa.

"Ba dogon abu ya kawo ni ba," in ji Likita. "Duba ka gaya mini wace ce Mai Farin Takalmi."

"Yaya, zauna ka sha ruwa mana."

"Ban zo shan ruwa ba! Ni na goya ka, ni na kai ka koyon sana'ar nan. Yau suna ɗaya ya gagara?"

"Duk haka ne, Yaya. Ka ce in kwashe shagon nan in ba ka, yanzu zan kwashe. Amma sunan ba nawa ba ne balle in bayar. Maganar magungunan fa, ƙarya aka yi?"

Likita ya buga ƙofa ya fita. Daga ranar, ko a taron dangi Baba ya gaishe shi sai ya kau da kai.

Kuna tsammanin Sista ta yarda da labarin? Ina! Cewa ta yi bakin tela ya fi kekensa gudu, kuma wa da ƙane ne suka shirya wasan don ta saki jiki. An kwashe magungunan, ba a kori kowa ba, amma ita gani take lokaci kawai ake jira. Shekara biyu, duk sanda Likita ya kira ta ofis sai ta ɗauka ranar kora ce ta zo.

Makon jiya Baba ya sanar cewa idanunsa sun gaji, zai miƙa makulli ga wata mai awon jini da 'yan dandali suka zaɓa. Sista ta ɗauki wayarta, wadda ba abin da ya same ta, ta kai masa gyara. Ya jawo 'yar takardar liƙawa ya tambayi suna. Ta faɗi cikakken sunan nan dalla-dalla, ta tsare fuskarsa da ido. Ya rubuta, ya ce ta maimaita na ƙarshen, ya jujjuya wayar.

"'Yata, wayar nan ai lafiyarta lau. Me take yi miki?"

"Zafi take yi, Baba."

"To ki rage riƙe ta."

Ta fito tana sharar ƙwalla, har yanzu ba ta san ko bai taɓa dubawa ba ne, ko kuwa ya duba ya iya riƙe fuska.

Baba, ko wanne ne a ciki, amana ka riƙe. Kai ne aka zarga shekara takwas ba ka kare kanka ba. Kai ne ka rasa gaisuwar yayanka saboda macen da ba ta taɓa gaishe ka ba. Mai makullin da bai leƙa ɗakin kowa ba, mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya daidaita tsakaninka da ɗan'uwanka. Ke kuma mai awon jini, da duk wanda aka damƙa wa sirrin jama'a, ga yadda ake yi nan.

Sista ta ce a gaya maka, har yau ba ta gama yarda da kai ba. Amma tana nan bakin aikinta, gobe ma tana da aikin safe.