Zoɓon Teburin Ubangiji

Wata Asabar ce ta bazara, ina aji uku a firamare, zafin Gusau ya kai intaha. A gidanmu na haya da ke Sabon Gari, Inna ta dafa zoɓo ta tace, ta ɗura a kwalba ta jingine gindin randa. Ita ke haɗa abin shan Jibin Ubangiji na cocinmu, wanda manya ke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu. Ta ja mini kunne, ta tafi ta'aziyya Bungudu. Ni kuwa na dawo daga wasan 'yar gala-gala maƙogwaro a bushe, na ce kurɓi ɗaya kawai. Ina! Kafin in ankara kwalba ta koma rabi. Na cika ta da ruwan randa, na goge baki.

Washegari a coci fasto ya gargaɗi masu sha da ƙazamar zuciya, ya ce hukunci suke jawo wa kansu. Na hango zoɓon a ƙananan kofuna duk ya koɗe. Ko baftisma ba a yi mini ba balle in isa sha, ga sata, ga algus! Na sakankance Allah ya gama da ni, mutuwa kawai nake jira.

Sai na shiga lallashin Allah da aiki. Ni da ake bi da tsintsiya kafin in yi shara, na koma share tsakar gida sau uku a yini. Na yi surfe, na yi wanke-wanke, na cika randunan Hajiya maƙwabciyarmu ba ta aike ni ba. Duwatsun carafkena ma na ba ƙanwata gado. Tuwo ya daina shiga. Hajiya ta leƙo ta katanga ta ce wa Inna, "Anya ba a sauya miki ɗiya ba?"

Inna ta san ruwa ba ya tsami banza. Ran Juma'a da yamma tana tsintar wake ta zaunar da ni, ai kuwa na fashe da kuka na amayar da komai. Ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce tun ranar Jibin ta ji zoɓon salam a bakinta, jira take in faɗa da kaina. Muka durƙusa kan tabarma na roƙi gafara. Da muka tashi na tambaye ta saura shara nawa Allah ya huce. Ta ce, "Ke, ba ɗan ƙwadago yake nema ba. Don masu laifi aka shimfiɗa teburin nan. Ya yafe, ke wace ce da za ki riƙe?" Ranar malmala biyu na cinye.

Yanzu Inna ta kwanta dama, laifuffukana sun girma, na kuma ƙware wajen ɓoye su. Babu mai zaunar da ni ya yi mini dariya, kuma ina kewar hakan ƙwarai. Har yau karɓar gafara ta fi mini roƙonta wuya.