Maganar Salihu ta ƙarshe

Shekara shida ke nan da rasuwar abokina Salihu, mutumin Nuba daga arewacin Sudan. Shagonsa na kayan yaji yana manne da nawa a unguwar Al Ras, cikin Dubai. Garinsu yana ƙarƙashin ruwan dam tun yana yaro, don haka ko da ya tara kuɗin komawa gida, ina zai koma? Dubai kuwa ba ta zama gida, biza ce kawai ake ta sabuntawa.

Matarsa 'yar Khartoum ce, Larabci kaɗai take ji, haka 'yarsu Nafisa. Da mahaifiyarsa ta rasu, sai ya rasa abokin hira a harshensu, Nobiin. Ni ya mayar abokin. Bayan la'asar mukan zauna kan buhunan citta, ya yi ta zuba da Nobiin, ni ina mayar masa da Hausa. Ba mai jin wani. In ya gaji ya ce, "Khalas, Alhaji, yau ka yi magana mai ma'ana." Wallahi shirme muka ɗauke shi.

Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, Larabcin ya gudu, Nobiin kaɗai ya rage a bakinsa. Asibiti suka nemi tafinta. A kwamfutarsu harsunan Nuba duka lamba ɗaya gare su, haruffa uku: nub. Na bakin Nilu, na Dongola, na duwatsun Kordofan, har Midob na Darfur, duk an zuba su buhu ɗaya. Sai ga wani bawan Allah ɗan Midob an turo a matsayin tafinta. Ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ba da haƙuri. Dangin harshe ne, amma ba sa jin juna.

Nan Nafisa ta juyo gare ni, ta kira ni baffa da Larabci. "Ammu, kai da ka yi shekara da shekaru kana sauraronsa, me yake cewa?" Na ce mata ni ma ban taɓa jin harshen ba. Washegari Salihu ya cika.

Yau waya tana fassara harsuna iri-iri. Da Salihu zai gani, na san tsaki zai ja ya ce a nemo masa nasa a ciki. Nafisa ta yi aure tana nan Dubai, yaƙi ya rufe mata hanyar Sudan, ni ma shago ya riƙe ni. Duk sallah takan zo gaishe ni, ta sake tambaya ko na tuna wani abu. Abin yana ci mini rai. Abin da nake da shi bai wuce ɗaya ba, shi nake maimaita mata: a cikin maganar nan da ya yi a asibiti na ji sunanta, kuma ba da faɗa ya kira shi ba.