Hoton Malam Ya'u a Burtali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ƙoƙarin buɗe shagona na ɗinki aka kira ni daga Kano, aka ce Malam Ya'u ya rasu. Hedimastanmu na firamare, mutumin da ya koya wa rabin garin nan riƙe fensir. Makulli na hannuna, amma na rasa yadda ake zura shi a kwaɗo.

Ban gama dawowa hayyacina ba na duba waya, sai ga hotonsa a group ɗin garinmu, ana ta rubuta Allah ya jiƙan babanmu. Kuma a duk hotunan duniya ba a ga na sakawa ba sai wancan na burtali. Shi ya sa na ajiye komai nake wannan rubutu. Raina a ɓace yake, wanda zai ji haushi ya ji.

Ga waɗanda ba su sani ba, shekarun baya hawan jini ya kayar da Malam, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce masa bayan magani babu abin da zai taimake shi kamar tattaki, a hankali, kullum. Malam mutum ne da in ya karɓi magana ya karɓa. Ya fara daga zaure zuwa masallaci, yana jan ƙafa. Daga baya ya kai bakin gari. Kafin shekara ta zagayo yana bin burtalin da ya ratsa gonaki ta hanyar Makoda har gindin tsamiya, ya dawo da ƙafarsa.

A gindin tsamiyar akwai wani kututture. Zai zauna a kai ya miƙe, ya sake zama ya miƙe, ba ya dafa komai. Ya ɗaga hannuwa sama kamar zai tsinko tsamiya, ya jujjuya wuya da idon sawu. Shi ke nan motsa jikin nasa, ba gudu ba tsalle.

Ni ma shi ya jawo ni. Wata rana ya kawo gyaran aljihu, ya tarar ina nishi don na sunkuya ɗaukar almakashi. Ya ce, "Sabi'u, taka fedar keken ɗinki ba tafiya ba ce. Gobe bayan asuba ka same ni a ƙofar masallaci." Na ce Malam aiki ya yi min yawa. Ya ce haka nake ce masa a aji huɗu in ban yi aikin gida ba.

Na je. Ciwon bayan da nake ta shafa wa man zafi, a burtalin nan na bar shi.

Mu uku muka zama, da Baba Ɗanlami mai ciwon suga, wanda a da ko kasuwa sai an kai shi a babur. Malam ne ke rage sauri saboda shi, sai ya fake da cewa yana duba gyaɗar mutane. Ya san gonar kowa, ya san wanda ya makara da noman fari, kuma in ya haɗu da shi sai ya faɗa masa.

'Yan acaɓa ba sa wuce shi. Kowa ya tsaya, "Malam, hau in rage maka hanya." Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana. Hanyar na fito nema, kada ka rage min ita."

To, a daminar bara wani daga cikinmu ya ga Malam daga baya, shi kaɗai, ranar ni da Baba Ɗanlami ba mu fito ba. Ga sanda, ga taɓo a ƙafar wando. Bai yi masa sallama ba, bai tambaye shi ina za shi ba. Ya ɗauke shi hoto ya yi posting, ya rubuta wai ga sakayyar malamin makaranta, 'ya'yansa na birni suna hawa manyan motoci, shi yana jan ƙafa a cikin taɓo.

Kun tuna abin da kuka rubuta a ƙasa? Ni na tuna. Allah wadai. Haihuwar asara. Masu cewa a yi karo-karo a saya masa keken guragu. Na shiga na yi bayani cewa likita ne ya sa shi, kuma shi yake so, aka ce ina kare masu kuɗi. Shiga sharo ba shanu, kowa da bakinsa, babu wanda ya taka ya je ya tambayi mai ƙafar.

A garin nan in an ga dattijo a ƙasa, ba a tunanin lafiya yake nema, sai dai a ce an wulaƙanta shi. Mu a wurinmu gata shi ne a zaunar da tsoho a tabarma, a hana shi ko ɗaukar buta.

Babban ɗansa ya zo daga Kano a ranar da hoton ya kai gare shi. Kada wanda ya zage shi a ƙarƙashin rubutun nan, yaron kirki ne, bai taɓa gazawa da mahaifinsa ba. Ina zauren lokacin da ya durƙusa yana hawaye ya ce, "Baba, bakin mutane ya ishe ni, ko masallaci na shiga nuna ni ake yi." Malam ya yi masa bayani har ya gaji. Da ya ga yaron ba zai iya ɗaga kai a cikin jama'a ba, sai ya ce a ɗauko masa jakarsa, zai bi shi Kano.

Saboda mutuncin ɗansa ya bar burtalin. Magana zarar bunu ce, ku kuka zara, shi ya biya.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan ƙaramar salla ne, na shiga birni saro yadi na biya ta gidan ɗan nasa. Yana ɗaki a saman bene, ga sanyin esi, ga talabijin, ga mai kawo abinci har gabansa. Maigadi ba ya barinsa fita saboda motocin titi. Ƙafafunsa sun kumbura. Mutumin da yake tashi daga kututture ba ya dafa komai, sai da na kama shi da hannu biyu ya miƙe.

Abin da ya fara tambayata shi ne ko an yi shuka a gonakin gefen burtali. Sannan ya ce in zagaya da shi barandar. Muka je ƙarshenta muka dawo, yana haki.

Ya ce, "Sabi'u, da alheri aka ɗaure ni, wa zan kai wa ƙara?"

Da zan tafi ya nuna min sandarsa a bayan ƙofa. "Kai wa Ɗanlami, nan ba ta da aiki. Ka ce masa kada ya fasa."

Ban ce ku kuka kashe shi ba. Ajali na Allah ne, ko a burtali yake ranarsa ba za ta wuce ba. Amma watannin da ya yi yana leƙen titi ta taga, yana kewar ƙasar da zai taka, wannan kam aikin bakinmu ne. Yau kuma mu ne da hoton nan muna kiransa babanmu. Ihu bayan hari.

Kuma abin bai tsaya kan Malam ba. Tun da hoton ya fita 'ya'yan Baba Ɗanlami suka hana shi fita, suna tsoron a yi musu irin ta 'ya'yan Malam. Na kai masa sandar, matarsa ta karɓa ta jingine. Yanzu sugansa ya sake tashi, yana zaune a zaure yana kallon masu wucewa.

Don Allah wanda ya sa hoton nan ya cire. In kuna son hoton Malam, akwai na ranar da aka yi masa bikin ritaya, yana murmushi.

Ana hanyar kawo shi, za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Hanyar maƙabarta ta burtalin nan take. Yau duk garin zai bi ta a ƙasa, manya da masu motoci, kuma babu wanda za a ce an wulaƙanta shi don ya taka da ƙafa.

Gobe bayan asuba in Allah ya kai mu ina ƙofar gidan Baba Ɗanlami. Zan ɗauko sandar daga inda aka jingine ta in sa masa a hannu. Mai son ɗaukar hoto ya zo ta gaba, ya yi mana sallama tukuna.

Ya Allah ka jiƙan Malam Ya'u, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa. Duk takun da ya yi zuwa masallaci da zuwa aji ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka ba iyalansa haƙuri, musamman ɗansa, ka cire masa zargin kai. Mu kuma ka shirya mana harsunanmu da yatsunmu.

Duk wanda ya karanta, ina roƙonsa ya yi wa Malam addu'a. In gidanku akwai tsoho mai sauran ƙafa, ku kama hannunsa ku fita, ku yi addu'ar a tafe.