Inda Turmin Inna Ya Zauna

Ni dai tun farko unguwar Alexandria, nan gefen Washington, nake so mu koma, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Wata ƙawata da muke kitso a shago ɗaya ce ta kai ni gidanta a can, cikin wani dogon bene, na tsaya a taga na hango ruwa yana walƙiya daga nesa. Kogi ne, ba teku ba, na sani. Amma wadda ta tashi a Maradi, inda gulbi ke gudu da damina ya kwanta barci sauran shekara, ba ta raina ruwa. Ga kuma 'yan uwana a gida, sun duba taswira sun ga Washington a gefen shuɗin ruwa, suka yanke hukunci cewa a bakin teku nake zaune. Duk wanda ya kira sai ya ce in gaida kifi. Na gaji da bayani. Na ce bari in samu taga mai ruwa, in ɗauki hoto, kowa ya huta.

Maigidana kuwa Germantown yake so. Direba ne, a mota yake yini, kuma a wurinsa unguwa mai kyau ita ce wadda mutum zai dawo ya tarar da gurbin fakin a ƙofar gida. A Silver Spring, inda muke zaune a hawa na uku, sai ya yi ta zagaya gini kamar mai neman akuyar da ta ɓata kafin ya samu inda zai saka motar. Idan ya fara yabon Germantown sai ka ce a can aka binne cibiyarsa. Fili, iska, shiru. Na ce masa shiru ai a kabari ma akwai shi.

Da mu biyu ne da tuni na ci gardamar, don ba ya iya dogon musu. To akwai Inna.

Inna mahaifiyata ce, ni ce autarta, shi ya sa bakina ya fi na yayyena tsawo a gabanta. Ta zo mini jego lokacin da na haifi 'yata. Ranar da muka buɗe balis ɗinta, wato akwatin tafiyarta, muka tarar da zannuwa kaɗan, daddawa da yawa, da wani abu mai nauyi a naɗe cikin bargo. Turmi ne. Ɗan madaidaici, baƙi, bakinsa ya sha hannu har yana sheƙi. Taɓaryar kuwa ta sa kafinta ya rage mata tsawo don ta shiga kaya. Maigidana ya duba turmi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Suruka ce, ba a cewa komai.

Washegari da hantsi ta fara dakan yajin jego a tsakiyar falo. Hoton da ke bango ya karkace, cokula suka dinga rawa a kicin. Ba a jima ba aka buga ƙofa, bugun wanda ransa ya ɓaci. Na buɗe na ga wata mata cikin rigar barci, idanu jajaye, ta fara zuba mini Turanci. Inna daga ciki ta ce, "Auta, wace ce wagga? Mi muka yi mata?"

Matar ta tsaya da baki buɗe. Sai ta leƙa ta kafaɗata ta ce, "Mama, ina kwana? Ashe ke ce kike so ki kashe ni?"

Nas ce, 'yar Jos, a ƙarƙashinmu take. Aikin dare take yi, da hantsi take barci, kuma turmin Inna daidai kan gadonta yake sauka. Inna ta jawo ta ciki, ta zuba mata kunu, ta tambaye ta iyayenta da garinsu, har da dalilin da ya sa ta rame. Kafin ta fita sun yi sulhu: babu daka sai bayan la'asar, in ta tashi. Ba a yi sati ba ta fara hawowa da dafaffiyar doya a kwano. Ta ce tun da ta zo ƙasar nan sakwarar gari take ci, kuma Allah ya gani ba da son ranta ba. Ran Lahadi in ta dawo daga coci sai su yi lugude, Inna da guntuwar taɓarya, ita da muciya, suna dariya kamar 'yan mata. Ni Anti nake ce mata, Inna kuma ta ce mata ɗiyata.

Sai dai ginin ba na Anti kaɗai ba ne. Wani a gefenmu ya kai ƙara, matar ofishin gidajen ta hawo da murmushinta, ta ce cikin ladabi a daina. Na fassara wa Inna. Ta ɗauki turmi ta kife shi a lungu, ta jingina taɓarya.

Na sayo mata blanda, ɗan injin niƙa na lantarki. Ta saurare ta sau ɗaya ta ce a kashe, wannan ihu take yi, ba daka ba. Ta ɗanɗani yajin ta ce ya yi warin inji. Daga nan ta rage magana, ta rage cin abinci, sai zama a bakin taga da jika a cinya. Wata rana na dawo na tarar tana ninke zannuwanta tana jerawa a balis.

Na ce, "Inna, ina zuwa?"

"Gida. Jego ya ƙare."

"To yarinyar fa? Na koma shago, wa zai riƙe ta?"

"Ku kai ta inda 'yan garin ke kai nasu. Ni ba ni zama a rataye kamar ƙwarya. Turmi ba shi zama a sama."

Takardun zamanta babu matsala. Matsalar ita ce ita kanta. Kuma ba renon kaɗai nake ji ba, ko da yake shi na fi faɗa. Na riga na saba in buɗe ƙofa in ji ƙamshin daddawa da muryar da ke cewa na yi latti.

Hayarmu dama ta kusa ƙarewa, kuma ɗaki ɗaya ya yi mana kaɗan. Maigidana ya je ya durƙusa nesa da Inna, yana kallon kafet, ya ce ta yi haƙuri ta bi mu duba gidaje, inda ta ce nan za a zauna. Na harare shi, don ban ba shi izinin raba ni da Alexandria ba. Anti da ke wurin ta ce ai akwai gida a ƙasan gininmu, kusa da ɗakin injinan wanki, mutanen ciki sun tashi. Na san shi. Tagarsa tayoyin motoci take kallo. Na ce Allah ya kiyaye, ban ƙetaro teku don in zauna a gindin injin wanki ba.

Ran Asabar muka fita. Inna ta fito da taɓarya a hannu, ta ce a saka turmi a but ɗin mota. Na ce, "Inna, gida za mu duba, ba biki za mu ba." Ta ce ta ji. Maigidana ya ɗauki turmi ya saka.

Alexandria muka fara, da ƙoƙarina. A cikin lif Inna ta damƙe hannuna tana salati har muka tsaya. Ejan ɗin, dillalin gidan, wani saurayi ne mai fararen haƙora, yana ta satar kallon taɓarya. Ya tambaye ni ko sandar tafiya ce. Na ce masa e, don ba ni da lokacin bayani. Gidan kuwa ya yi. Haske ko'ina, kicin kamar na talabijin. Na ruga taga, ga ruwana can, siriri kamar zare, amma ruwa ne. Na ce, "Inna, zo ki gani!"

Ba ta zo ba. Ta tsaya a tsakiyar falo, ta ɗaga taɓarya ta dungura a ƙasa sau ɗaya, ta karkata kunne. Ƙasan ya amsa kamar ganga. Ejan ya zabura.

"Akwai mutane ƙarƙashin nan?"

"Akwai, Inna."

"Ƙarƙashinsu fa?"

"Akwai wasu."

"To ku dai kaji ne a akurki. Mu tafi."

Na ce ko tagar ba ta duba ba. Ta matso da ƙyar, ta leƙa ƙasa, ta ja da baya. Ta ce wanda ke zaune inda shaho ke wucewa ta ƙarƙashinsa, ya bar cikin mutane. Na ɗauki hoton ruwan duk da haka, ya fito kamar tabo a gilashi.

A hanyar Germantown maigidana har waƙa yake a hankali. Tafiya ta yi tsawo, Inna ta tambaya ko Zinder za mu. Gidan da ya nemo a ƙasa yake, ɗakuna biyu, ga ɗan dandamalin siminti a baya, ga ciyawa shar. Fakin kuwa, ko tirela ka zo da ita. Inna ta dungura taɓarya a falo. Tim. Babu amsa, babu rawa. Ta gyaɗa kai. Maigidana ya dube ni da fuskar wanda ya ci zaɓe, ni kuma na fara lissafa yadda zan dinga tashi da asuba ina bin jirgin ƙasa zuwa shago.

Sai Inna ta ce a kawo turmi.

Ya kawo da gudu, ya girke a dandamali. Ta kwance bakin zane ta zuba gero, ta gyara tsayuwa, ta fara. Na daɗe ban ga kafaɗunta sun miƙe haka ba. Har cilla taɓaryar take ta tafa kafin ta cafe. Ƙarar ta bi layin gidajen ta dawo. Ta yi ta yi har zufa ta keto mata, sannan ta tsaya, ta dogara da taɓarya, tana kallon tagogin da ke kewaye.

Labule ko ɗaya bai motsa ba. Wani kurege ne kawai ya tsaya a kan shinge ya dube mu, shi ma ya ga ba abin da ya shafe shi ya wuce.

Maigidana ya ce, yana kallon ƙasa, "Kin gani, Inna, nan babu mai damunki."

Ta ce, "Na gani, ɗana. Allah shi yi maka albarka." Ta juye geron a zane ta ƙulle. "Inda aka yi daka babu wanda ya leƙo, ko sannu ko zagi, in ka faɗi ma babu mai leƙowa. Can ko ba komi an buga mini ƙofa."

A hanyar dawowa 'yata tana ta gwalantu a mota. Mun kusa gida Inna ta ce a duba mata jirgin komawa gida. Raina ya ɓaci. Na juyo na ce, "Inna, sama kin ce a'a, ƙasa kin ce a'a. Turmin nan aurensa kike yi?"

Ta ce, "Ya girme ki. Ki yi mashi magana da ladabi."

Maigidana ya yi tari don kada dariya ta fito. Ni ban yi dariya ba. Na tuna balis ɗin nan a lungu, rabinsa a cike. Da muka tsaya na ce masa kada ya hau da turmin, ya jira. Na je na buga wa Anti ƙofa, ta fito da hular barci, na ce ta raka ni ofis a ba mu makullin gidan nan na ƙasa. Ta ce, "Wanne? Na Allah ya kiyaye?" Na ce ta yi sauri kafin in canza ra'ayi.

Gidan bai ƙara kyau don na sauko ba. Falo ƙarami, haske kaɗan, bango yana ɗumi, injinan wanki suna gurnani ta bayansa. Inna ta dungura taɓarya. Siminti ne zalla, ƙarƙashinsa ƙasar Allah. Anti ta ce wanda ya iya zama da ƙarar injinan nan ba shi da bakin kai ƙarar turmi. Na buɗe taga, ga tayoyi, ga hanyar da mutane ke bi zuwa tashar bas, kusa har kana iya ganin wanda bai goge takalminsa ba.

Maigidana ya shigo da turmi, Inna ta sake zuba geron. Ba ta yi nisa ba wata Bahabashiya da kwandon wanki a kwankwaso ta tsaya a ƙofa, ta leƙo, ta faɗi wani abu da yarenta tana nuna turmin tana dafa ƙirji. Inna ta amsa mata da Hausa. Suka yi ta hira, kowa da nasa, babu mai jin wani. Wani tsoho mai jan kare ya rage tafiya a taga ya ɗaga mana hannu. Anti ta ce bari ta hau ta ɗora doya.

Nan muke har yau. Maigidana bai samu fakin ɗinsa ba, sai dai yanzu ni ce mai gadin taga, in wata mota ta bar gurbi in kira shi in ce ya yi maza. 'Yan gida suna nan suna aiko gaisuwa ga kifi, ina cewa za su ji. Ranar da muka sauko da kaya, Inna ta zazzage balis ɗin a kan gado, ta miƙa mini shi ta ce in ɗora a saman kabad, yana tare mata hanya.