Kujera, Lemo, Tsuntsu

A asibitin, kowa Likitar Mantuwa yake ce mata. Ba ta tiyata, ba ta allura. Aikinta ta zauna da wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ko ta hatsarin mota, ko shanyewar ɓarin jiki, ko tsufa, ta auna abin da ya rage masa. Ɗakinta ɗan tsukuku ne a ƙarshen baranda, daga tebur da fensir sai fanka mai ƙara.

Tun tana budurwa har furfura ta cika mata kai, da abu ɗaya take fara gwaji: "Baba, riƙe mini kalmomin nan: kujera, lemo, tsuntsu. Anjima zan tambaye ka." Sai ta sa shi ya zana agogo, ta ja shi da hira, sannan ta nemi kalmominta. Da yawa sukan kasa tunawa. Ita ce mai fita ta gaya wa iyali, kuma wallahi ba ta taɓa sabawa da fitar nan ba.

Sai abin ya zo kanta. Yau ta bar tukunya a wuta, gobe ta tsaya da mota a mararraba, hanyar gida ta ɓace mata. Tsoro ya kama ta, kada ta yanke wa wani hukunci da kan da ya fara yoyo. Ta sa autarta ta raka ta wurin tsohon ɗalibinta, wanda yanzu shi ne shugaban sashen, don ya tabbatar da ciwon a sallame ta.

"Haba, Malama! Gajiya ce kawai," in ji shi.

"Gwada ni dai, kada ka ji nauyina."

Shi kuwa, sarkin biyayya, gwajin da ta koya masa ya ɗauko, bai canza komai ba. Kujera, lemo, tsuntsu. Yo ina za ta manta? Ko daga barci aka tashe ta za ta jero su. Agogon ma ta zana shi tsaf.

"Kin cinye duka!" Har da dariyarsa. "Gobe marasa lafiya na jiranki."

Ta buɗe baki ta ce masa ya sauya kalmomin, amma kafin maganar ta iso harshe ta sulale. Ta yi godiya, ta fito.

A baranda autar ta miƙe daga benci. "Umma, ya aka yi?"

Likita ta gyara farar rigarta, ta yi mata murmushin nan da take yi wa masu jinya.

"Sannu, baiwar Allah. Wa kika kawo mana?"