Ƙullun da Inna Ta Bari

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma, aka kira ni bayan sallar asuba aka ce mahaifiyata ta rasu. Lafiya lau ta kwanta. Na hau mashin zuwa garinmu Birchi, na samu jana'iza da ƙyar.

Da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama cikin maza a ƙofar gida. Ni dama ba gwanin magana ba ne, ko amsa gaisuwa sai na yi shiri. Na sulale na shiga madafa, don nan ne kawai babu kowa. A wurinmu ba a hura wuta a gidan rasuwa, maƙwabta ne ke kawo abinci.

A kusurwa na ga robar ƙullun wainarta, faifai ya karkace a kai. Jiya da yamma ta kwaɓa. Ya tashi har yana zubowa ta gefe, ƙananan kumfa suna fitowa suna fashewa, da wata 'yar ƙara da sai ka sunkuya za ka ji.

Abin kunya, karatu ne ya fara zuwar mini, ba addu'a ba. A makon nan na karanta cewa Girkawan dā suna kiran tafasar ruwa da zeo, kuma masana sun ce ita da kalmar Turanci da muka ara muke cewa yis, abin tayar da ƙullu, daga tushe ɗaya suka fito. Wato mutanen dā sun ga ƙullu yana kumfa babu wuta, suka ce tafasa yake yi. Na tsuguna ina kallo. Murhu ya yi sanyi, mai murhun tana ƙasa, amma abin da ta kwaɓa bai daina aiki ba.

Gwaggona, yayar babanmu, ta leƙo. "Kai kuma me kake yi a nan? Ɗauke wannan ka zuba wa awaki, kafin azahar ya yi tsami."

"Gwaggo, na Inna ne."

"Na sani, ɗan nan. Wa zai ɗora tanda yau a gidan nan?"

Ban taɓa musa mata ba. Na ɗauki robar, amma maimakon garke, sai na ratsa tsakar gida cike da mata, kaina a ƙasa, ƙullu yana ɗiga mini a riga, har gaban maƙwabciyarmu, ƙawar Inna.

"Hajiya, ko za a soya mana a gidanku?"

Ta ɗaga faifan, ta shinshina. "Ta sa sukari?"

"Ban sani ba."

Ta lakata ta ɗanɗana. "Ba ta sa ba. Sai da safe take sawa." Ta goge ido da gefen mayafi, ta karɓa.

Bayan azahar aka fito da wainar, aka raba wa masu ta'aziyya. Babanmu, wanda ko ruwa bai sha ba tun safe, ya gutsuri ɗaya don kada a ce ya ƙi. Ya daɗe yana taunawa. Bai tambayi kowa wa ya kwaɓa ba, ya ce a ajiye wa ƙannena nasu kafin ta ƙare.

Har yau ban san ko ƙarfin hali ne ya kai ni gaban Hajiya ko ruɗewa ba. Abin da na gane shi ne, mutum ba ya gama aikinsa kafin a kira shi. Wani ne zai tarar da shi a rufe a kusurwa, ya zubar ko ya ƙarasa.

Allah Ya jiƙan Inna. Ni ban ci ba ranar, na kasa.