Ranar da Baba Ya Saɓa Jakata

Shekarun baya, ba da jimawa da rasuwar mahaifina ba, amininsa na Soron Ɗinki ya ja ni cikin wasan ƙwallon lambu, wato golf. Tun muna yara Baba muke ce masa, kuma shi ya karɓa mini aure. Sun daɗe suna bugawa da mahaifina duk Asabar, don haka da aka share makoki ya ce in ɗauko jakar sandunan marigayin in biyo shi, gurbin ba zai zauna haka ba. Ni kuwa ban san sandar nesa ba balle ta kusa. Watanni na yi ina yi wa masu filin noma kyauta kafin ƙwallo ta fara jin maganata.

Baba ba ya yarda a sa kuɗi a wasa, ya ce caca ce ko da sisi ne. Amma wajen ƙirƙiro tara babu na biyunsa. Wanda ƙwallonsa ta faɗa yashi shi zai sayi zoɓo. Wanda ya bugi bishiya sai ya tsaya ya gaishe ta, ya tambaye ta iyali. Wani abokina da ke bin mu shi ke riƙe katin ƙirga bugu, tun da mai ƙarancin bugu shi ke ci, shi ne kuma alƙali. Babbar tarar tsakanina da Baba ce kawai: wanda aka cinye zai saɓa jakar wanda ya ci, daga ramin ƙarshe har bakin mota, ta gaban rumfar da 'yan wasa ke zama shan shayi. Ni nake ɗauka kullum, ban kuma taɓa jin komai ba, tun da ko babu tara aikina ne.

Ana haka shanyewar ɓarin jiki ta taɓa Baba. Ya yi wata shida bai leƙa fili ba, da ya dawo kuma hannunsa na hagu ba ƙarfi. Ni kuwa a tsakanin nan hannuna ya faɗa. Asabar ɗin farko, saura rami biyu, na leƙa katin abokina na ga ina gaba da bugu uku. Sai tarar ta faɗo mini a rai. Na hango dattijo mai furfura, aminin ubana, ɗauke da kayana ina binsa hannu sake. Kafin in kai Ƙofar Kabuga labari ya isa kunnen mahaifiyata. Sai na saita ƙwallo na aika ta cikin bishiyoyi, na je na gaishe su da ladabi.

Haka na yi ta yi har Asabar biyar. A zatona na iya wasan kwaikwayo, har da dafe kai da salati in na ɓarar da bugu. A ta biyar ƙwallona ta tsaya bai fi kamu ɗaya da rami ba, na ture ta gefe. Baba ya dube ni ya dubi ramin. Da aka tashi na kai hannu kan jakarsa, sai ya ce in bar ta, direbansa zai zo ya ɗauka.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan buga mini waya ya ce in shirya shan kashi. Mako uku wayar ba ta shigo ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don a bakinsa kaɗai nake jin labaran mahaifina irin waɗanda ba a faɗa a gida. Na shirya na same shi a zaure, na durƙusa muka gaisa.

"Baba, ko jikin ne?"

"Jiki alhamdu lillahi. Kai ne dai ba ka da lafiya. Na ga hannunka na karkarwa daidai bakin rami."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tun da na tashi daga ciwon nan ko buta ba a barina in ɗauka a gidan nan. 'Yan'uwanka, yaran gidan nan, sun karɓe mukullin shago, wai in huta. In na yi magana sai a ce haka ne Baba, ko da shirme na faɗa. Wuri ɗaya ya rage mini inda ba a yi mini kara, kai kuma ka bi ni can ka mai da ni majinyaci."

"Baba, ta yaya zan bari ka ɗauki kayana a gaban jama'a?"

"Jakar nan sau nawa na ɗauke ta, ubanka na bina a baya yana yi mini tsiya? Bai taɓa raina ni da ragi ba. In bugu za ka yi, ka zo Asabar. In ladabi ne, zauren nan ya ishe mu."

Ranar Asabar na buga tsakanina da Allah, na cinye shi da bugu biyu. Ya sunkuya ya saɓa jakar a kafaɗar dama, muka kama hanya. Ban taɓa sanin tafiyar tana da nisa haka ba. Na rasa inda zan sa hannuwana. Da muka zo gaban rumfa wani alhaji ya miƙe da sauri zai karɓa, yana watsa mini harara.

Baba ya ce, "Koma ka zauna, Alhaji. Tara ce, kuma tawa ce."

Sau biyu yana tsayawa ya huta. Duk biyun na danne zuciyata ban miƙa hannu ba, kuma wannan ya fi mini duk wani bugu wuya. A bakin mota ya dire jakar, gumi ya jiƙe masa hula, yana haki yana dariya. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin ciwon.

Har yau in na tuna tafiyar nan sai kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma na gane ladabin da na yi ta yi masa kaina nake karewa da shi daga bakin mutane, shi kuwa ban tambayi abin da yake bukata ba.

Shekara biyu ya ƙara yana bugawa kafin ƙafa ta hana shi. A cikinsu sau huɗu ya cinye ni, kuma duk baƙon da ya zauna a zaurensa sai ya ji labarin huɗun nan, rami bayan rami. In ina wurin yakan juyo ya ce, "Faɗa musu, ragi ka yi mini?" Ni kuma in ce wallahi ban yi ba, ba tare da na sunkuyar da kai ba.